Injiniya ya duba tsohon gidan da kake son saya, rahoton ya tada maka hankali: ka saya ko ka haƙura?

Ka samu gida a tsohuwar unguwa, irin su Gwammaja ko Fagge a Kano, ko Tudun Wada a Kaduna, ko wani lokos na zamanin Shagari, wurin ya yi maka, kuɗin ma da ɗan sauƙi, ka yi abin da mutanenmu da yawa basa yi wato ka biya injiniya ya je ya duba kafin ka miƙa kuɗi, shi kuma ya dawo maka da takarda cike da tsagewar bango da damshi da gara da rodi mai tsatsa. Yanzu uwargida na cewa a haƙura kawai, dillali kuma ya dame ka da waya wai akwai wani Alhaji da ya riga ya taya kuma gobe zai biya.

Toh ka kwantar da hankali. Duk gidan da ya shekara arba'in ko hamsin in aka tura mai ilimi ya duba dole ya dawo da dogon lissafi, kowa ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa, kuma injiniyan ma yana kare kansa ne, gara ya rubuta komai da ka dawo gobe kace bai faɗa maka ba. Yawan abin da aka rubuta ba shi zaka kalla ba. Abin da zaka nema shine ka raba matsalolin kashi biyu, waɗanda za a iya cewa ga dalilinsu ga kuɗin gyaransu, da waɗanda babu wanda zai iya sa musu farashi. Na farkon ciniki ne. Na biyun su ne suke cinye mutum.

Fara da riƙe kuɗinka

Kar ka bada kafin alƙalami yanzu, ko da dillali zai yi kuka. Shi la'adarsa sai an yi ciniki take fitowa, ba shi zai kwana a gidan ba, saboda haka zancen wani Alhaji ya taya ka ji shi ka wuce. In ka riga ka bada wani abu, yau ɗin nan ka nemi a rubuta a takarda gaban shaidu cewa ka nemi sati biyu ko uku don ƙarin bincike kuma in binciken bai yi ba za a dawo maka da kuɗinka, ko a faɗi nawa za a cire.

Akwai wani abu na shari'a da mutane ke mantawa. A fiƙihu in ka sayi abu daga baya ka gano aibin da aka ɓoye maka kana da damar mayarwa, amma aibin da ka sani kafin ka saya ka yarda ka biya, wannan ka ɗauka kenan, babu mayarwa. Kaga kenan tunda rahoto ya shigo hannunka, duk abin da ke cikinsa ya zama ka sani. Ko a rage maka kuɗinsa yanzu ko ka biya shi daga aljihunka nan gaba.

Koma gidan tare da injiniyan

Takarda bata isa ba, ka ɗauke shi ku koma, ya nuna maka kowane abu da yatsa. Kafin nan ka tabbatar wanene shi, injiniyan gini ne mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ko wani ne da ya daɗe a wajen aiki ake ce masa injiniya don girmamawa. Duka biyun suna da amfani, wallahi akwai tsofaffin birkiloli da suka fi wasu masu digiri ido, amma maganar ko gini zai tsaya ko zai faɗi ta mai rajista ce. A kan kowace matsala ka tambaye shi me ya jawo ta, ta tsaya ko har yanzu tana ci gaba, kuma in ka bar ta damina biyu me zai faru. In yace sai an ƙara bincike, ka tambaya wane bincike, nawa ne kuɗinsa, kwana nawa. Sannan ka lura, in wanda ya duba shine kuma yake son ka bashi kwangilar gyaran, ka nemo wani ya sake dubawa, ba zargi bane, tsari ne kawai.

Tsagewar bango

Nan ne yawanci hankali yake tashi kuma nan ne ake yawan yin kuskure ta ɓangare biyu, wani ya gudu daga gida mai kyau saboda filasta ta yi zane, wani ya sayi wanda fandeshan ɗinsa ke nitsewa saboda an shafe tsagar an yi sabon fenti.

Ka je da rula. Hukumar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, tana da ma'auni da injiniyoyi da yawa ke aiki da shi: tsagar da bata wuce milimita 5 ba yawanci ta ado ce, a cike a yi fenti. Daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an yi gyara na gaske, a nan ne ƙofofi da tagogi ke fara cijewa. Daga 15 zuwa 25 babban aiki ne har da sake wani ɓangaren bango. Abin da ya wuce 25, wato inci guda, ana maganar sake gini ne. Amma faɗi kaɗai bai gama magana ba, ka duba yadda ta tafi. Ƙananan zane-zane kamar yanar gizo a jikin filasta ba komai bane, zafi da sanyi ne da rashin zuba ruwa lokacin aiki. Wadda zaka ji tsoro ita ce mai tafiya a karkace tana bin bulo hawa-hawa daga kusurwar taga ko ƙofa, sama ta fi ƙasa faɗi, kuma in ka zagaya bayan bangon ka same ta a daidai wurin, ma'ana ta ratsa bulon gaba ɗaya. In ka haɗa wannan da daɓen ɗaki da ya karkata, ka zuba ruwa kaɗan ka ga duk ya gudu kusurwa ɗaya, toh ƙasa ce ke motsi.

Ko a nan ɗin ma ba shikenan ba, sai an san dalili. Sau da yawa sokawe ne ko bututun ruwa ya fashe kusa da bango shekara da shekaru yana wanke ƙasar ƙarƙashin fandeshan, ko darbejiya aka shuka dab da gini saiwarta ta shiga ƙarƙashi, ko indararo yana zuba a gindin bango. Irin waɗannan ana gyarawa, a kawar da dalilin a ƙarfafa wurin a ɗinke bango, kuma ana iya sa masa farashi. Wanda ba a iya sa wa farashi shine in ƙasar ce kanta bata da kyau. A Kano kowa ya san unguwanni da yawa akwai gidajen da aka gina kan kududdufin da aka cike da shara da ɓaraguzai, irin wannan ƙasar tana ci gaba da zama shekaru da yawa. A wasu yankunan Borno da Gombe da Adamawa kuma akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, tana ɗaga gini tana saukewa duk shekara. Yadda zaka gane, ka nemi izinin mai gida a haƙa rami ɗaya ko biyu a gefen bangon da ya tsage har a kai ƙasan fandeshan, injiniya ya ga zurfinsa da irin ƙasar. In leda da toka da tsumma suka dinga fitowa ka samu amsarka. In mai gida ya ƙi yarda a haƙa alhali kace zaka mayar ka gyara da kuɗinka, wannan ma amsa ce.

In kana da lokaci, a liƙa ɗan gilashi da siminti a kan tsagar a rubuta kwanan wata, in ya fashe bayan wasu makonni tana motsi. Sai dai gaskiya wannan gwajin yafi ma'ana in ya ratsa daga rani zuwa damina, kuma ba kowane mai sayarwa zai jira ka ba.

Ruwa

A ganina ruwa ya fi tsaga kashe tsofaffin gidajenmu, kuma shine aka fi iya ɓoyewa. Duk gidan da ka shiga ka ga an manna tayil a bango daga ƙasa zuwa ƙugu, ciki ko waje, ko fenti sabo fil a ƙasan bango kawai, ka ƙwanƙwasa da makulli ka ji, in yana ƙara kamar ba komai a ciki filastar ta rabu da bulo. Damshin da ke tasowa daga ƙasa yawanci yana tsayawa wajen mita ɗaya, zaka ga fenti na kumbura, farin gishiri na fitowa, bulo na zama gari in ka kankare. Gidajen da yawa na da ba a sa musu ledar hana damshi a matakin DPC ba, wato inda fandeshan ya ƙare bango ya fara. Ana rage shi, a fasa filasta a sake da maganin hana ruwa a gyara magudana a yi daɓe kewaye da gini, amma ka sa a ranka cewa abu ne da zaka dinga bi lokaci zuwa lokaci.

Wanda ya fi wannan muni, kuma injiniya ma wani lokaci baya rubutawa don yana kallon gini ne ba unguwa ba, shine titi ya fi gidan tudu. Tsohuwar unguwa an yi ta zuba ƙasa ana ɗaga layi, an zo an yi kwalta da kwata, maƙwabta sun rushe nasu sun ɗaga, sai gidanka ya zama shine kwari, ka sauka mataki biyu kafin ka shiga tsakar gida. Ruwan sama ba shi da hanyar fita, na kwata kuma yana da hanyar shigowa. Gyaransa shine cika gidan da ƙasa, ɗaga daɓe, sai ƙofofi su gajarce sai an ɗaga linta sai an ɗaga rufi, kafin ka ankara ka sake gina gida.

Don haka in da hali ka ga gidan a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ba tare da ka sanar da dillali ba. In rani ne ka duba jikin katangun maƙwabta, ambaliya tana barin layi a bango. Ka zauna da mai shagon layin ko masu shayi ko limamin masallacin unguwa ka tambaya ruwa na shiga gidan nan?, su ba ruwansu da la'ada. Mutanen Maiduguri da suka ga abin da ya faru a Satumban 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ba sai an faɗa musu ba, in gida ya taɓa kwana cikin ruwa ka sa a duba fandeshan da wayarin da sokawe daban.

Dekin da rufi

In gidan kwano ne, abin da sauƙi. A hau cikin silin da tocila a soka katakai da sukundireba, in gara ta cinye zai shige kamar burodi. Sake rufi gaba ɗaya kuɗi ne mai yawa amma kafinta zai auna ya gaya maka bandir nawa katako nawa, magana ta ƙare. Ka dai sa a yi feshin gara a ƙasa kuma a shafa wa sabon katako magani.

Dekin ne abin tsoro. In ka ga kankare na ɓantarewa daga ƙasan dekin rodi ya fito ja da tsatsa, abin da ke faruwa shine ruwa ya kai ga rodin, tsatsa tana kumbura ta ture kankaren. In wuri ɗaya ne ƙarƙashin banɗaki, ana gyarawa. In ko'ina ne, ko dekin ɗin ya yi ciki a tsakiya, ko fila ta tsage, a nan dole a yi gwajin ƙarfin kankare, akwai wata guduma ta musamman da ake bugawa, akwai kuma yanko ɗan guntu a kai ɗakin gwaji. Sannan ka tambayi tsofaffin unguwa ko tun asali bene ne ko daga baya aka ɗora. Gidan ƙasa da aka yi da bulo inci shida babu fila sannan wani ya zo ya ɗora masa bene, ni dai bazan sa iyalina a ciki ba ko nawa aka rage. Benen makarantar da ya rufta a Jos a Yulin 2024 ya ci rai 22, yawancinsu yara, ba irin abin da ake gwada sa'a dashi bane.

Gidajen cikin birni kuma da yawa ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, daga waje kamar bulo. Ginin ƙasa mai kauri da azara ba abin rainawa bane, ya fi na bulo sanyi a lokacin zafi nesa ba kusa ba, kuma akwai waɗanda suka haura shekara ɗari a tsaye, amma siminti baya kama ƙasa da kyau, ruwa yana shiga ta bayansa ya jiƙa bangon ba ka gani. A fasa ɗan wuri a duba, kuma ka san cewa wannan gida ne mai son yaɓe da kula duk shekara.

Ƙananan da suke cika takarda

Tsohon wayarin, bututun ƙarfe da ya toshe da tsatsa, tagogin luba da suka karye, banɗaki, fenti. Duk ka ɗauka za a sake su, ka sa a lissafi, kar su hana ka barci. Biyu kawai zan ja kunne. Silin ɗin asbesto da kwanonsa da ke tsofaffin gidajen gwamnati, in yana nan lafiya bai fashe ba haɗarinsa kaɗan ne, ƙurarsa ce ke jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru, saboda haka kar a bari lebura ya fasa shi da guduma a bushe, a jiƙa a cire ɗaya-ɗaya da abin rufe hanci na gaske. Sai rijiya ko bohol da ke kusa da sokawe ko tsohuwar shadda, shawarar masana lafiya ita ce tazarar kamar mita 30, a gidan cikin gari da wuya ka samu haka, toh a kai ruwan a gwada kafin yara su fara sha.

Zauna ka yi lissafi

Ka ba mai ƙididdigar kayan gini, wanda ake kira QS, rahoton ya fitar maka da kuɗin gyara abu-abu, sannan ka nemi farashi daga magina biyu don kwatance. Duk abin da ya fito ka ƙara kashi 25 ko 30 cikin ɗari, domin tsohon gida sai an fasa ake ganin sauran, ga kuma kasuwa, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa alhali watanni kaɗan kafin nan yana wajen dubu biyar, waɗanda suke tsakiyar aiki a lokacin sun ji jiki.

Sannan ka tambayi nawa fili ko kango mai girman wannan yake a layin. A tsohuwar unguwa yawancin kuɗin na ƙasa ne ba na gini ba. Misali kawai, a ce an yi maka kuɗi miliyan 40, fili irinsa a wurin miliyan 30, kenan ana sayar maka da ginin a miliyan 10. Gyara ya kama 12, da ƙari ya zama 15. Zaka kashe 55 kenan, banda kuɗin lauya da la'ada da hayar da zaka ci gaba da biya kafin a gama aiki. In gida mai lafiya a unguwar yana 50, ka ga ba araha ka samu ba. In kuma matsalar irin wadda ba a iya sa wa farashi ce, lissafin ya canza gaba ɗaya, fili kake saya, tayinka bai kamata ya wuce kuɗin fili ba, har ma ka cire kuɗin rusau da kwashe ɓaraguzai, kuma sai in kana da ƙarfin yin sabon gini da fandeshan da ya dace da ƙasar. In duk abin da ka tara zai ƙare a sayen, babu na gyara, ka haƙura ko da lissafin ya yi kyau a takarda.

Takardu, tunda injiniya baya duba su

Kafin ka kashe kuɗi a kan gwajin kankare ma, lauya ya je ya bincika fayil a ofishin rajistar filaye na gwamnati, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A ga sunan wa ke kan takardar mallaka, ko an jinginar da ita a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce mai C of O, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, baya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna, kuma yawanci wa'adinta shekara 99 ne daga lokacin da aka bayar, ba daga ranar da ka saya ba. A duba a hukumar tsara birni, KNUPDA ko KASUPDA, ko gidan ya ci hanya ko magudanar ruwa ko yana ƙarƙashin babbar wayar wuta, wanda ya ga rusau ɗin Kano na 2023 ya san ba wasa bane. Ka karɓi bil ɗin wuta da na ruwa na ƙarshe.

Tsohon gida kuma sau da yawa gidan gado ne. Kar ka yarda da babban wa shi kaɗai yace shine wakili. Ka ga takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji ya sa hannu har matan da ke aure a wani gari, in akwai marayu ƙanana a bi ta kotu. In wani ya sayar maka da kasonsa kafin a raba, a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason, kai kuma ka riga ka zuba siminti.

Komawa kan ciniki

Ka nemi zama da mai gidan kansa, da dattijo ɗaya daga ɓangarenka. Kar ka je kana kushe gidan, wataƙila a nan aka haife shi, ka ce Alhaji gidan ya kwanta min, ga abin da injiniya ya gani, ga abin da magina suka ce, ka ajiye takardun a gabansa. Ka nemi ragi a kan manyan abubuwan kawai, rufi, fandeshan, magudana, in ka fara lissafa fenti da makullin ƙofa zai ga wasa kake. In yace shi zai gyara kafin ya miƙa maka, kace a'a nagode, a rage kuɗin ka gyara da kanka, mai fita daga gida filasta da fenti zai yi. Ka yanke iyakar abin da zaka biya tun daga gida ka gaya wa dattijon naka don ya taka maka birki.

In an daidaita ka saya, aikin ma da jerinsa. Rufi da magudanar ruwa da sokawe su ne farko kuma a gama su kafin ruwan farko, sai fandeshan da bango, sai wayarin da famfo tun kafin a rufe da filasta. Bangon da ya sha damshi a bar shi ya bushe sosai, in da hali ya ga rani guda, kafin a sa POP da tayil da fenti mai tsada.